Tarihin Ishaku Abarbanel, Ma'ajin Sarakuna Kuma Mai Sharhin Attaura

A cikin malaman Yahudawa da suka rayu a ƙarshen ƙarni na 15 da farkon ƙarni na 16, da wuya a sami wanda ya haɗa aikin fada da aikin ilmi kamar Ishaku ɗan Yahuza Abarbanel. Ya yi wa sarakuna aiki a ƙasashe uku, watau Fotugal da Sifen da Napoli, kuma a dukansu ukun ya fita ba da son ransa ba, ya bar dukiya mai yawa a baya. Duk sa'ad da aka raba shi da fada sai ya koma ga alƙalami, har ya bar wa duniya sharhi a kan littattafai biyar na Attaura da littattafan annabawan Bani Isra'ila. Abin da idonsa ya gane masa a gaban sarakuna kuwa shi ya kai shi ga ra'ayin da aka fi saninsa da shi, cewa mulkin shawara mai wa'adi ya fi mulkin mutum ɗaya alheri ga talakawa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal a shekarar 1437. Asalin gidansu daga birnin Ishbiliya ne a ƙasar Sifen, gida ne na dukiya da kusanci da sarakuna, kuma mutanen gidan suna jingina nasabarsu ga Annabi Dawuda. Sun baro Sifen ne a bayan tarzomar shekarar 1391, wadda aka kashe Yahudawa masu yawa a cikinta, aka kuma tilasta wa wasu shiga addinin Kirista. Mahaifinsa Yahuza babban attajiri ne mai kula da harkokin kuɗi na 'ya'yan gidan sarautar Fotugal.

Ishaku ya yi karatun Attaura da Talmud, watau babban kundin fikihun Yahudawa, a hannun Rabbi Yusufu Hayyun na Lisbon. Har wa yau ya koyi harshen Latin, ya karanta littattafan malaman Kirista da na Romawan dā, sa'an nan ya san ra'ayoyin masanan falsafa na Musulmi irin su Ibn Sina da Ibn Rushdi da Imam Gazali ta hanyar fassarar da aka yi musu zuwa Ibrananci. Tun yana saurayi ya rubuta wani ƙaramin littafi mai suna Ateret Zekenim a kan annabci da kulawar Ubangiji ga bayinsa, ya kuma fara sharhin littafin Maimaitawar Shari'a, na biyar a cikin littattafan Attaura.

A FADAR LISBON

Da mahaifinsa ya kau, sai Ishaku ya gaji matsayinsa, ya zama ma'aji kuma mashawarcin Sarki Afonso na Biyar. Gidansa ya zama matattarar malamai, shi ne kuma bakin Yahudawan Fotugal a fada.

A shekarar 1471 sojojin Fotugal suka ci garin Asila da ke gaɓar tekun Maroko, suka kwaso Yahudawa wajen 250 a cikin ganima, aka sayar da su bayi a sassan ƙasar. Abarbanel ya shugabanci wani kwamiti da ya tara kuɗi, shi da kansa ya bi gari gari yana fansarsu, sa'an nan aka ci gaba da ciyar da su har suka koyi harshen ƙasar suka iya neman abin kansu. Ya ba da labarin wannan aiki a wasiƙar da ya aika wa abokinsa Yehiyel, wani attajirin birnin Pisa na Italiya, a shekarar 1472. Sai dai kuma tare da wannan wasiƙa gidansa ya aika wa matar Yehiyel kyautar wata baiwa baƙar fata. A wannan zamani jiragen Fotugal sun riga sun fara kwasar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma mutumin da ya ɓatar da dukiyarsa wajen fansar 'yan'uwansa bai ga aibin mallakar ɗiyar wasu ba.

GUDUN FARKO

Hausawa sun ce sarki goma zamani goma. Afonso ya mutu a shekarar 1481, ɗansa Juwan na Biyu ya hau gado da ƙudurin karya manyan sarakunan gargajiya da suka yi ƙarfi a zamanin ubansa. Mafi girma a cikinsu shi ne mai sarautar Baraganza, wanda aminin Abarbanel ne. A shekarar 1483 aka kama shi bisa zargin ƙulla makirci da Sifen, aka fille masa kai a garin Ebora. Aka aika Abarbanel ya zo fada. Yana kan hanya wani ya tsegunta masa abin da ke jiransa, sai ya juya akalar dabbarsa, ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Kastil, ɗaya daga cikin masarautun Sifen. Aka ƙwace dukiyarsa duka, kuma a shekarar 1485 aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Har ya mutu bai daina cewa ƙazafi aka yi masa ba.

Ya sauka a wani ƙaramin gari kusa da iyaka mai suna Segura, yana da shekara 46. A nan ya yi wa kansa hisabi, ya rubuta a gabatarwar sharhinsa cewa wannan masifa horo ce daga Ubangiji, domin ya fifita hidimar sarakunan duniya a kan karatun Attaura. Daga watan Oktoba na 1483 zuwa watan Maris na 1484 ya gama sharhin littattafan Joshuwa da Mahukunta da Sama'ila, aikin da wani zai yi shekaru bai kai ƙarshensa ba. Yana shirin fara littafin Sarakuna ke nan sai aka kira shi fadar Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. Ya ajiye alƙalami ya amsa kira.

SHEKARAR 1492

A lokacin Fadinan da Isabela suna yaƙi da daular Garnada, wadda ita ce ta ƙarshe da ta rage wa Musulmi a Andalus, yaƙi kuwa sai da kuɗi. Abarbanel ya shiga aikin tara haraji tare da Ibrahim Senior, shugaban Yahudawan Kastil. Yadda ake wannan aiki shi ne, attajiri ya yi yarjejeniya da fada a kan kuɗin da wani yanki zai biya, ya ɗauki nauyin biyan fada, sa'an nan shi kuma ya bi talakawa ya karɓa. Bugu da ƙari ya ranta wa Sarauniya kuɗi masu yawa daga aljihunsa domin bukatun yaƙin. Shekara takwas ya yi a wannan hidima, ya sake tara dukiya kamar ta dā.

Garnada ta faɗi ranar 2 ga Janairu, 1492. Ba a yi wata uku ba, ranar 31 ga Maris, sarakunan biyu suka sa hannu a dokar da ta ba kowane Bayahude zaɓi biyu, ko ya shiga addinin Kirista ko ya bar ƙasar kafin ƙarshen watan Yuli. Dalilin da dokar ta bayar shi ne, wai zaman Yahudawa a ƙasar yana jan waɗanda suka riga suka zama Kirista su koma addininsu na farko a ɓoye. Kotun binciken aƙida, wadda ta fara aiki a Ishbiliya a shekarar 1480, ita ce ta matsa a yi haka.

Abarbanel ya rubuta cewa sau uku yana shiga gaban Sarki yana roƙonsa, ya yi tayin kuɗi masu yawa, ya kuma nemi manyan fadawa su sa baki, amma duk a banza. Ibrahim Senior, wanda ya kai kimanin shekara 80, ya karɓi addinin Kirista a watan Yuni, ya tsira da muƙaminsa da dukiyarsa. An so Abarbanel ya yi haka, ya ƙi. A watan Yuli ya shiga jirgin ruwa a Balensiya tare da iyalinsa, bayan ya sami izini na musamman na fita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga cikin zinariyarsa. Shi ya ƙiyasta waɗanda suka fita da mutum 300,000, ko da yake masana tarihi na bayansa suna ganin adadin bai kai haka ba. Wasu sun nufi Fotugal, wasu Fas a Maroko, wasu Italiya, da yawa kuma suka shiga ƙasashen daular Usmaniyya inda Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ya karɓe su.

Abin bai bar gidansa ba. Babban ɗansa Yahuza, wanda likita ne, ya ji ana shirin sace jaririnsa mai shekara ɗaya domin a tilasta wa iyalin zama, sai ya aika da yaron Fotugal a ɓoye. A can Sarki Juwan ya sa aka riƙe yaron, daga bisani aka yi masa baftisma. Musulmin Andalus su ma ba su daɗe ba irin wannan ta same su, gama a shekarar 1502 aka ba Musulmin Kastil zaɓi irin wanda aka ba Yahudawa.

DAGA NAPOLI ZUWA MONOPOLI

Sarki Ferante na Napoli, a kudancin Italiya, ya karɓi 'yan gudun hijirar, ya kuma jawo Abarbanel a jika. A nan ya gama sharhin littafin Sarakuna a shekarar 1493, wanda ya ajiye tun shekara tara da suka wuce. Amma zaman bai yi tsawo ba. Ferante ya mutu a farkon 1494, Sarkin Faransa Sharl na Takwas ya kawo yaƙi Italiya, sabon sarki Alfonso na Biyu ya sauka daga gado a watan Janairu na 1495 ya gudu tsibirin Sisili. Abarbanel ya bi shi can. A bayansa aka washe gidansa na Napoli, littattafan da ya tara suka salwanta.

Daga Sisili ya wuce tsibirin Korfu, inda ya fara sharhin littafin Annabi Ishaya. A can ne ya yi gamon katar da kwafin sharhinsa na Maimaitawar Shari'a, wanda ya ɓace masa tun gudunsa daga Lisbon, ya ɗauka ya ƙarasa. A shekarar 1496 ya zauna a Monopoli, wani gari na bakin teku a kudancin Italiya da ke hannun hukumar birnin Benis. Ya kusa shekara 60, ba muƙami, ba dukiya, ga rauni na tsufa. Shekarun da ya yi a wannan gari kuwa su ne mafi albarka ga rubutunsa.

Babban abin da ya dame shi a lokacin shi ne yanke ƙaunar da ya gani a zukatan mutanensa, har wasu suna cewa Ubangiji ya yashe su. Saboda haka tsakanin 1496 da 1498 ya rubuta littattafai uku a kan zuwan mai ceto da Yahudawa suke jira. Na farkonsu, Ma'ayene ha-Yeshu'a, sharhi ne a kan littafin Daniyel. A cikinsu ya yi lissafi daga ayoyi, ya nuna cewa alamun ceto za su fara bayyana a shekarar 1503. Shekarar ta zo ta wuce yana raye, ba abin da ya faru. Duk da haka littattafan sun ƙarfafa zukatan masu gudun hijira, kuma masu sa ran zuwan mai ceto a ƙarni na 16 da na 17 sun yi ta komawa gare su.

YADDA YAKE SHARHI

Hanyar Abarbanel ta bambanta da ta magabatansa irin su Rashi da Ibn Ezra, waɗanda suke bin aya kalma kalma. Shi yakan fara kowane littafi da doguwar gabatarwa a kan wanda ya rubuta shi, da zamanin da aka rubuta shi, da manufarsa. Sa'an nan ya yanki sashe guda, ya jero tambayoyin da mai hankali zai yi a kansa, wani lokaci shida, wani lokaci fiye da ashirin, kana ya yi bayanin sashen gaba ɗaya ta yadda kowace tambaya za ta sami amsarta. Ɗalibi da ya saba da wannan hanya yakan koyi tambaya kafin ya koyi amsa.

Bai ji tsoron saɓa wa magabata ba inda ya ga hujja. Talmud ya ce Joshuwa, wanda Musulmi suka sani da Yusha'u, shi ya rubuta littafin da ke ɗauke da sunansa. Abarbanel ya lura cewa littafin yana yawan faɗin cewa abu kaza yana nan har zuwa ranar da ake rubutun, abin da ke nuna an daɗe da faruwar al'amuran, ya kuma lura da labaran da suka auku bayan mutuwar Joshuwa. Sai ya yanke cewa Annabi Sama'ila ne ya rubuta shi. Haka nan yakan kawo maganar malaman Kirista irin su Jerom da Agustin da Nikolas na Lira, ya karɓi ta karɓa, ya yi raddi ga ta raddi.

A fagen aƙida kuwa mai riƙo ne ƙwarai. Yana girmama Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da aka haifa a Kurɗuba, har ya yi sharhin littafinsa Dalalatul Ha'irin, amma ya ƙi yarda da masu cewa annabci wani matsayi ne da mutum ke kaiwa da kaifin hankalinsa. A wurinsa annabci mu'ujiza ce daga Ubangiji. Ya rubuta littattafai biyu domin tabbatar da cewa an halicci duniya daga babu, yana raddi ga mabiya Aristotal masu cewa duniya ba ta da farko. A littafinsa Rosh Amana ya kare ginshiƙan imani 13 da Bin Maimun ya tsara, sa'an nan a ƙarshe ya ce a haƙiƙa duk abin da ke cikin Attaura ginshiƙi ne, ba a fifita wani a bar wani.

Bai tsira daga masu suka ba. An ce yana da tsawaita magana da maimaitawa. Meyir Arama, ɗan wani malami mai suna Ishaku Arama, ya zarge shi da kwasar bayanan mahaifinsa ba tare da ambaton sunansa ba.

RA'AYINSA GAME DA SARAUTA

Masu karatun Alƙur'ani sun san labarin da ke cikin Suratul Baƙara, inda manyan Bani Isra'ila suka roƙi annabinsu ya naɗa musu sarki, aka naɗa musu Ɗalutu. Wannan labari yana cikin littafin Sama'ila, kuma a kansa ne, da kuma a kan babi na 17 na Maimaitawar Shari'a, Abarbanel ya shimfiɗa ra'ayinsa. Yawancin malaman Yahudawa, har da Bin Maimun, sun tafi a kan cewa naɗa sarki umarni ne. Shi kuwa ya ce izini ne kawai aka bayar saboda raunin mutane, kuma roƙon da suka yi kuskure ne tun daga tushe.

Hujjarsa daga tarihi ya ɗauko ta. Ya bi sarakunan Isra'ila da na Yahuza ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa mafi yawansu sun karkatar da jama'a daga hanya, alhali mahukuntan da suka gabace su ba su yi haka ba. Ya ce Rum ta bunƙasa sa'ad da take hannun shugabannin da ake zaɓa na ɗan lokaci, ta lalace da ta koma hannun Ƙaisarori. Ya kawo misalin biranen Italiya na zamaninsa, irin su Benis da Fulorens da Janowa, waɗanda majalisu ke mulki ba sarki. Dalilinsa shi ne, mutum ɗaya ya fi saurin yin zalunci a kan jama'a masu shawara, domin a cikin jama'a in ɗaya ya karkace sauran za su tsayar da shi. Kuma wanda ya san wa'adinsa zai cika, na bayansa su binciki aikinsa, dole ya yi taka-tsantsan.

Amma fa bai halatta tawaye ba. Ya ce in an riga an yi wa sarki mubaya'a, talakawa ba su da ikon tumɓuke shi ko da azzalumi ne, hukuncinsa yana wurin Ubangiji. Masana sun daɗe suna muhawara a kan yadda waɗannan ra'ayoyi biyu suka zauna a zuciya ɗaya. Abin da ba a musu a kansa shi ne, mai maganar ya san fada ciki da waje, kuma ya rubuta kashin farko na wannan ra'ayi ne watanni kaɗan bayan sarki ɗaya ya rushe aikinsa na shekaru da kalma guda, ba shari'a, ba jin ta bakinsa.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A shekarar 1503 ya koma birnin Benis wurin ɗansa Yusufu, wanda shi ma likita ne. Tsufa bai hana a nemi gwanintarsa ba. Tun da Basko da Gama ya kewaye Afirka ya isa Indiya a shekarar 1498, cinikin masoro da kirfa da kanumfari, wanda Benis take samu ta hanyar Masar, ya fara komawa hannun Fotugal. Abarbanel ya yi tayin shiga tsakani domin ƙasashen biyu su daidaita, hukumar Benis ta amince, amma shawarwarin ba su haifar da yarjejeniya ba. A Benis ya gama sharhin Irmiya da Ezekiyel da sauran littattafai huɗu na Attaura. A shekarar 1505 aka buga uku daga cikin littattafansa a Istambul, yana da rai.

Ya mutu a Benis a ƙarshen shekarar 1508 yana da shekara 71, aka kai shi birnin Padua aka binne. A shekarar da ta biyo, yaƙi ya ci maƙabartar da ke bayan ganuwar birnin, kabarinsa ya ɓace. Ɗansa Yahuza ya shahara a Turai da sunan Leyone Ebreyo saboda littafinsa na falsafa a kan ƙauna, wanda aka buga a Rum a shekarar 1535. Ƙaraminsu Sama'ila da matarsa Benbenida suka shugabanci Yahudawan Napoli har zuwa lokacin da aka kore su daga can a shekarar 1541.

An buga sharhinsa na Attaura a Benis a shekarar 1579. A ƙarni na 17 malaman Kirista, irin su Yohanes Bukstof ƙarami na birnin Basel, suka fassara sassan rubutunsa zuwa Latin, suna amfani da shi, suna kuma yi masa raddi. A shekarar 1953 masanin tarihi Benziyon Netanyahu ya fitar da littafi guda a kan rayuwarsa da tunaninsa, wanda ya sake jawo hankalin jami'o'i gare shi. Dukiyar da ya tara sau uku ba wanda ya san inda ta shiga, haka ma kabarinsa, amma tambayoyin da ya jero a kan ayoyi a Segura da Monopoli da Benis har yanzu ana karanta su a makarantun Yahudawa.